Gwangwanin Ngo

Da Ngo ta rasu, ƙannena suka raba zannuwa,
Davou ya ɗauki rediyo da kujerar ƙarfe,
ni kuwa aka miƙo mini gwangwanin madara,
tsoho, mai tsatsa a baki, murfinsa a lotse.
Na girgiza. Masara ce a ciki.

Tun ina rarrafe na san shi.
Kowane dare, bayan an kwashe kwanukan gwate,
takan zauna bakin gado da tsaba a cinya,
ta ɗauki ƙwaya, ta raɗa mata suna, ta jefa.
"Wannan ta famfo ce, yau ya kawo ruwa."
Ƙwas.
"Wannan ta ƙafata ce, ta kai ni Farin Gada ta maido ni."
Ƙwas.
"Wannan ta Yesu ce, ba sai na faɗi dalili ba."
Mu kuwa muna ƙunshe dariya cikin bargo.
Wa ke gode wa Allah don famfo?

Yanzu faci nake yi a Gada Biyu,
tsakanin mai shayi da mai cajin waya.
Ran Lahadi muryata ta fi ta kowa a coci,
ran Litinin sai lissafin abin da babu:
kuɗin haya, kuɗin makaranta,
da injin iska mai tari kamar tsoho.

Na dai fara, don kunyar Ngo.
Ƙwaya ɗaya: taya shida kafin azahar.
Ɗaya: Sabitu ya ƙara mini madara, ya kau da kai.
Ɗaya: ƙanƙara ta sauko, kwanon ɗakina bai ɓule ba.
Ɗaya: Kaneng ta yi dariya har ta riƙe ciki,
na ma manta abin da na ce.

Sai ga wani dare a watan Agusta.
Weng na kwance a asibiti, jiki kamar garwashi,
takardar magani ta fi aljihuna nauyi.
Na dawo gida ɗaukar bargo,
ga gwangwani a taga yana kallona.
Na ɗauki ƙwaya, na juya ta, na sake juyawa,
ba ta da suna.
Na ce, "Ubangiji, yau ba ni da ita.
Ba zan yi maka ƙarya ba."
Na daɗe a tsaye.
Can sai na tuna mai keken da ya kwashe mu da tsakar dare,
na miƙa masa kuɗi, ya ce in riƙe na allura.
Ko sunansa ban tambaya ba.
Ƙwas.

Zazzaɓi bai sauka don haka ba.
Sai da muka ƙara kwana tara,
na sayar da waya, na ci bashin Davou.

Ranar da muka dawo, ashe taga a buɗe na bar ta.
Ruwan sama ya sami gwangwani.
Masara ta kumbura, ta ture murfi,
farar saiwa a ƙasa, koren kai a sama,
godiyar wata takwas tana neman hanyar fita.

Na shuka ta bayan gida, a tsagin duwatsu.
Shukar makara ce, wasu suka ruɓe,
akuyar maƙwabta ta ci rabonta.
Kara bakwai suka tsaya.
Weng, wuya kamar zare, kullum yana gwada tsawo da su.

Ranar godiyar kaka, masu hali suka shigo da buhunan dankali,
wani dattijo ya jawo rago har gaban bagade.
Ni zangarniya huɗu na riƙo, ƙanana, masu giɓi.
Na ajiye uku.

Ta huɗun ga ta a cinyar Weng,
yana ɓare ta da babban yatsa.
Ya ɗaga ƙwaya guda a hasken fitila.
"Baba, yau famfo ya kawo ruwa. Ta isa a sa?"
Na ce, jefa.